Ƙaramar nas ta gyara ni a gaban mutane, ba za a raina ni ba?

Tambaya: Wata biyu ke nan da aka ba ni shugabancin ma'aikatan jinya a sashen tiyata. Shekaranjiya wata ƙaramar nas ta gyara mini lissafin magani a gaban kowa, kuma ita ke da gaskiya. Wadda na gada ta ce in na saba musu da haka, raini zai shiga. Abin ya hana ni barci.

Amsa: 'Yar'uwa, kwanta ki yi barcinki. Yarinyar nan ta rufa miki asiri ne, ta kuma ceci wanda ke kan gado.

Maganar wadda kika gada ce ta dame ni, don kusan duk inda na je horas da shugabanni sai na ji ta: wai kwarjini ba ya zama wuri ɗaya da karɓar gyara. Har akwai masu karɓar kuɗi a ɗakin taro na otal suna koya wa mutane ɗaure fuska. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin Tenerife na Sifaniya, hazo ya rufe ko'ina, kyaftin ɗin wani jirgin kamfanin KLM ya taso da jirginsa. Ba ƙaramin matuƙi ba ne, shi ke horas da wasu, hotonsa ma na cikin tallan kamfanin. Injiniyansa ya tambaya ko jirgin kamfanin Pan Am ya bar titin tashin jirgi. Kyaftin ya amsa da tabbaci cewa ya bari, injiniya ya ja bakinsa. Jiragen biyu suka yi karo, mutum 583 suka rasu. Kwarjini dai ga shi nan, har ya yi yawa. Daga baya kamfanonin jiragen sama suka shiga koya wa na ƙasa ya dage, na sama ya saurara. Ke ma kin san takardar duba matakan tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta 2008: kafin a sa wuƙa, kowa sai ya faɗi sunansa da aikinsa. Bakin da ya buɗe da farko ya fi saurin buɗewa in an ga kuskure.

Kada ki kafa akwatin shawara. Na ga da yawa, kwadon ya yi tsatsa, mabuɗin na aljihun wanda aka yi wa canjin wurin aiki.

Gobe da safe, wajen miƙa aiki, ki kira sunanta ki ce ta yi daidai, ki maimaita lissafin yadda ta gyara shi. In salon maganarta ne ya sosa miki rai, wannan ku biyu ne a ofis, bayan an tashi.