Amsa a kan tambayar kirki da 'ya'yan Ruhu

Salama a gare ku duka, 'yan'uwa cikin Ubangiji. Na saurari muryar da ɗanmu na ƙungiyar matasa ya ajiye jiya da dare, na kuma karanta amsoshin da suka biyo baya, shi ya sa na ga ya kamata in ce wani abu. Ɗana, ka ce maigidan da ka koyi ɗinki a hannunsa shekara huɗu Musulmi ne, ba ka taɓa jin ya yi wa mai kawo aiki ƙarya ba, kuma yana ciyar da marayun ƙanensa ba tare da gori ba. Sai ka tambaya ko wannan hali nasa yana cikin 'ya'yan Ruhu da Bulus ya lissafa, ko kuwa sai mai bangaskiya ga Almasihu ne kaɗai yake iya ba da 'ya'ya. Wani ɗan'uwa ya amsa maka da cewa duk wannan ƙazamin tsumma ne a gaban Allah.

Zan fara da wannan amsar, domin ta dame ni. Maganar tsumma tana cikin Ishaya 64:6, kuma wanda ya karanta surar daga farko zai ga cewa annabin yana furta zunubin jama'arsa ne, yana cewa "mu", yana sa kansa a ciki. Mutanen Allah ne suke kuka a kan nasu adalcin. Ba daidai ba ne mu ɗauki addu'ar tuba ta mutanen da suka sunkuyar da kai, mu mayar da ita dutsen jifan maƙwabci.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa musun cewa akwai kirki na gaske a wajen ikkilisiya ba. Farawa 1:27 ta ce an halicci mutum cikin siffar Allah, kuma zunubi ya ɓata siffar nan amma bai shafe ta ba. A Romawa 2:14-15 Bulus da kansa ya ce al'ummai waɗanda ba su da Shari'ar Musa sukan aikata abin da Shari'a take nema, lamirinsu yana yi musu shaida. Yakubu 1:17 ta ce kowace kyakkyawar baiwa daga sama take. Saboda haka gaskiyar maigidanka ba daga Shaiɗan take ba, ba kuma riya ba ce don kawai shi ba Kirista ba ne. Masana tauhidi suna kiran wannan alherin Allah na gama-gari, kamar rana da ruwan sama da Yesu ya ce Uba yana aiko wa masu adalci da marasa adalci a Matiyu 5:45.

Mu da muke ƙasar nan ba ma bukatar mu je nesa neman misali. A watan Yuni na 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tsaya a gaban maharan, ya ƙi miƙa su. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi saboda wannan. Akwai yara da suke zuwa makarantar Lahadi yau domin dattijon nan ya sa ransa a gaba. Ni dai bakina ba zai iya kiran wannan aiki tsumma ba, kuma ina roƙon kada wani a cikinmu ya yi.

To, amma tambayarka tana da kashi na biyu, kuma a nan ne nake so ka natsu. Lokacin da Bulus ya rubuta Galatiyawa 5:22-23, ya lissafa ƙauna, farin ciki, salama, haƙuri, kirki, nagarta, aminci, tawali'u da kamunkai, ba jerin halayen mutumin kirki yake bayarwa ba. Yana rubuta wa masu bi ne, yana nuna musu abin da Ruhu Mai Tsarki yake haifarwa a cikin wanda ya zama na Almasihu. A harshen Girkanci da ya yi rubutu da shi, ayyukan jiki jam'i ne, amma kalmar da muke fassarawa 'ya'ya tilo ce, wato abu ɗaya ne mai fuska tara, daga tushe ɗaya. Manoman cikinmu sun san auren mangwaro. Reshen da aka ɗaura a kan wani gindi ba ya rayuwa da ƙarfin kansa, ruwan gindin ne yake hawa cikinsa har ya yi fure. Wannan ne Yesu yake nufi a Yohanna 15:5 da ya ce shi ne itacen inabi, mu ne rassa, kuma in ba tare da shi ba, ba abin da za mu iya yi. Ba yana cewa wanda bai san shi ba ba zai iya taimakon maraya ba. Yana cewa irin rayuwar da take fitowa daga gafarar zunubi da sulhu da Allah, a cikinsa kaɗai ake samunta.

Labarin da ya fi taimakona a kan wannan shi ne na Karniliyus a Ayyukan Manzanni sura 10. Sojan Roma ne a Kaisariya, shugaban sojoji ɗari, ba Bayahude ba, ba kuma Kirista ba tukuna. Yana ba da sadaka da yawa, yana addu'a kullum. Mala'ika bai ce masa ayyukansa banza ne ba, ya ce addu'o'insa da sadakarsa sun kai gaban Allah, an tuna da su. Duk da haka mala'ikan bai ce masa ya isa haka ba. Ya umarce shi ya aika Yafa a kira Bitrus, kuma a 11:14 an bayyana dalili, cewa Bitrus zai faɗa masa maganar da za ta cece shi da gidansa. Ruhu Mai Tsarki ya sauko ne lokacin da Bitrus yake cikin wa'azin Yesu. Ka ga a cikin labari ɗaya Allah ya girmama kirkin mutumin, ya kuma aika masa da bishara. Wanda ya riƙe rabi ɗaya ya saki ɗayan bai karanta labarin duka ba.

Abin da na fahimta ke nan: kirki bai dogara ga bangaskiyar Kirista ba, amma abin da Bulus ya kira 'ya'yan Ruhu ya dogara gare ta, domin bambancin yana a tushe ne, kuma sau da yawa ido ba ya iya rarrabewa daga waje. Ceto kuwa ba ladan kirki ba ne ga kowa, har da mu, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta faɗa. Hukuncin zuciyar maigidanka kuma ba a hannunmu yake ba.

Akwai abin da ya fi ba ni tsoro a tambayarka, wato inda ka ce ya fi wasu na cikin majami'a gaskiya. Ban yi maka gardama ba, domin na shekara da yawa ina zaman sulhu tsakanin 'yan'uwa a kan bashi da iyakar gona. Ikkilisiyar Koranti tana da baye-baye iri-iri, amma Bulus ya ce musu su na jiki ne saboda kishi da jayayya. Gargaɗin Yohanna 15:2, cewa za a yanke reshen da ba ya ba da 'ya'ya, a kan reshen da yake jikin itacen aka yi shi, wato mu. Laifi tudu ne, mukan taka namu mu hango na wani.

Ɗana, idan ka je gaishe da maigidanka, ka gode masa a fili saboda amanar da ya koya maka, ka ci gaba da yi masa addu'a, kuma ranar da ya tambaye ka dalilin begenka ka amsa masa da tawali'u da ladabi kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ta ce. Ranar Laraba bayan addu'a ka same ni da Littafinka, mu karanta sura 10 da 11 ta Ayyukan Manzanni tare.