Motar kaya tana shan baƙin mai: a yi ringi ko a sauya inji?

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Daura ya aiko da tambaya: "Ina da Golf wagon da ke kai mini kaya Katsina kullum, sahu ɗaya zuwa da dawowa. Yanzu duk kwana uku direba yana ƙara lita ɗaya ta baƙin mai. Wani bakanike ya ce a sauke inji a yi ringi, wani ya ce in sayi injin Beljiyam. Kuɗin kuwa daga jari zai fito. Wanne ya fi?"

Alhaji, kada ka taɓa jari tukuna. Duk shawarwarin nan biyu, sauya ringi (zobban da ke jikin fistin, masu hana mai haurawa ya ƙone) da sayen wani injin, su ne mafi tsada, kuma babu wanda ya auna komai kafin ya ba ka su.

Fara da awo, kai da kanka. Da safe kafin a tayar da mota, a wuri mai shimfiɗe, a cika mai zuwa zanen sama na sandar awo, ka rubuta kilomitar da ke kan mita. Tsakanin zanen sama da na ƙasa kusan lita ɗaya ce a yawancin ƙananan motoci. Ka riƙa dubawa har mako guda, galan ɗin baƙin man kuma ya zauna a shagonka. Ba zargin direba nake yi ba, amma lissafin da ya bi ta hannu biyu yakan yi ƙiba. Daura zuwa Katsina kusan kilomita 80 ne, wato 480 a kwana uku. Idan awonka ya tabbatar da lita ɗaya a wannan tafiya, motar tana shan fiye da lita biyu a kilomita 1,000, alhali kamfanonin ƙera motoci da yawa rabin lita zuwa lita ɗaya suke ɗauka a matsayin iyaka.

Mai ta hanya biyu yake tafiya: ko ya tsiyaye, ko ya ƙone. A wanke injin fes, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana, a kuma duba bayan an dawo daga hanya, domin wani yoyon sai inji ya yi zafi yake fitowa. Inda aka fi samunsa shi ne gaskit ɗin murfin saman inji, gindin filtar mai, notin zubar da mai, da sil (robar da ke tare mai) ɗin karanshaf, wato babban sandan da ke juyawa a ƙasan inji, na gaba ko na baya. Na baya ne kaɗai mai wahala, don sai an sauke giya.

Idan babu ɗigo, sai a koma salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ke fita da an tayar da safe, ko bayan mota ta daɗe a tsaye tana aiki, sannan ya ɗauke, sil ɗin bawul ne ya bushe. Wanda ke ƙaruwa idan an taka totur da lodi, ringi ake zargi. Baƙin hayaƙi na fetur ne, ba ruwansa da wannan magana. Fari mai kauri kuwa, ga ruwan lagireto yana raguwa, man kuma ya koma kamar shayi da madara, gaskit ɗin tof silinda ne. A duba kuma tiyon numfashi da ya tashi daga murfin inji: idan ya toshe, iska tana matsuwa a ciki ta tura mai ta kowace kafa, kuma gyaransa bai kai kuɗin galan ɗaya ba.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a yi gwajin kamfireshan, wato auna ƙarfin matsin iska a cikin silinda. A cire fulogi huɗun, a auna kowace silinda, a rubuta. Wadda ta gaza sauran da fiye da kashi 15 cikin ɗari, a zuba mata cokali ɗaya na mai a sake aunawa. In awon ya tashi, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Bakaniken da ba shi da wannan geji, bai kamata ya sauke maka inji ba.

Sai lissafin kuɗi. A kwana 26 na aiki kana ƙara kusan lita tara, fiye da galan biyu masu lita huɗu. Haɗa farashinsu da fulogin da kake yawan sauyawa. A ɗaya ɓangaren, rubuta kuɗin kaya, kuɗin aiki, da kuɗin motar haya na kwanakin da taka za ta yi a gareji. Wannan na ƙarshen ne 'yan kasuwa suke mantawa. Sai ka lissafa asarar mai da fulogi ta wata nawa ce za ta kai kuɗin gyara. A ganina, in zai dawo cikin wata shida zuwa takwas, a yi. In ya wuce haka, ka lallaɓa da baƙin mai mai kauri, 20W-50 mai kyau, daga dillalin da ka yarda da shi, kana ware wani abu daga ribar kowane sahu har kuɗin ya taru. Mai kaurin yana rage sha ne kawai, kuma kullum sai an duba sanda, domin ranar da man ya ƙafe a hanya, karanshaf ne zai tafi.

In ringi ne, a auna ramukan silinda. Sabon ringi a ramin da ya cinye, wata kaɗan hayaƙin zai dawo. Irin wannan sai an yi borin, wato an faɗaɗa ramin, an sa fistin mai girma. Idan jimillar ta kusa kuɗin injin Beljiyam, ɗauki Beljiyam, amma da rasiti mai lambar inji da rubutaccen sharaɗin mayarwa in ya yi hayaƙi. In kuma sayarwa ka zaɓa, faɗa wa mai saye aibin.

Bayan gyara, kilomita 1,000 na farko a rage lodi da gudu, sannan a sauya mai da filta. Filtar iska kuma a riƙa duba ta duk mako lokacin hunturu, don ƙurar da ta wuce ta ita ke cinye ringi.