Shekara tara ina rini lafiya lau, me ya kumbura mini fuska yanzu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 44, furfura kuma ta fara mini tun ina da 35, gadon gidanmu ce. Tun lokacin nake rufe ta da baƙin dayis, iri ɗaya, duk bayan mako shida ko bakwai, ban taɓa ganin komai ba. A rini biyu da suka wuce na ɗan ji ƙaiƙayi a ƙeya, na ɗauka amosani ne. Wannan karon na yi rini ranar Alhamis da yamma, na kwana lafiya, Juma'a ma sai ɗan susa kawai. Da asubar Asabar na farka idona ɗaya ba ya buɗuwa, goshi ya kumbura, bayan kunnuwana yana tsatstsafo da ruwa. Ƙanwata ta ce jabun dayis aka sayar mini, maƙwabciyata ta ce in aske kan in huta. Jabu ne da gaske? In canja kamfani? *Daga Maman 'Yan Biyu.*

Amsa: Wa alaikumus salam Maman 'Yan Biyu, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. In har idon nan bai sace ba zuwa lokacin da kike karanta wannan, ki tafi asibiti yau, karatun ya jira. Ki kuma ba maƙwabciyarki haƙuri, aska ba za ta hau kan nan ba.

Ban ga kwalin ba, amma ba na zargin jabu. Labarinki na sha jin irinsa a ɗakin duba marasa lafiya, har tazarar kwanakin takan zo daidai: rini yau, kumburi jibi. Abin da ya same ki borin jini ne na fata, kuma mai laifin a mafi yawan lokuta sinadari ne guda da ake taƙaita sunansa PPD. A bayan kwali ana rubuta shi p-Phenylenediamine, da ƙananan haruffan nan da sai an sa tabarau. Shi ke shigar da launi cikin silin gashi ya zauna daram, wanki bai fitar da shi. Gwargwadon duhun rini gwargwadon yawansa a ciki, shi ya sa masu son baƙi wuluk suka fi zuwa wurinmu. Dayis na asali mai tsada ma da shi yake aiki. Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an haɗa rinin, kuma ko wannan ɗan ma'aunin ya isa ya tayar wa wanda jikinsa ya riga ya tsane shi. A 2006 ƙungiyar likitocin Amurka masu nazarin irin wannan ciwo ta naɗa shi sinadarin borin fata na shekara, sarautar da ba a yi wa murna.

Na san shekaru taran nan ne suka fi ɗaure miki kai. Ba a haihuwar mutum da wannan bori, koyonsa jiki yake yi. Duk ranar da dayis ya taɓa fatar kai, ɗan kaɗan daga PPD yana ratsawa ciki. Garkuwar jiki tana ganinsa tana kau da kai, shekara da shekaru, har ranar da za ta rubuta shi a littafin abokan gaba. Daga nan akwai wasu fararen ƙwayoyin jini da ba su da aiki sai jiran dawowarsa. Da lissafin da kika ba ni, kin ɗora shi a kanki kusan sau 70. Wani a karo na uku ake kama shi, wani sai ya kai inda kika kai, wani kuma ya tsufa yana rini ko gezau. Ƙaiƙayin ƙeyar da kika kira amosani sallama ce jikinki ya yi miki har sau biyu, ba a amsa ba, a na uku ya bankaɗe ƙofa.

Waɗannan ƙwayoyi sai sun taru kafin su fara faɗa, kuma taruwar tana cin kwana ɗaya zuwa uku, wani lokaci ta kusa mako. Wannan jinkiri ne ke ɓatar da sawu: mace ta zargi sabulu, ta zargi matashin kai, ta zargi abin da ta ci jiya, ta wanke dayis daga laifi don ta kwana biyu da yin sa. Wurin da abin ke fitowa ma yana ruɗarwa. Fatar kai tana da kauri, takan jure. Fatar ido kuwa babu mai sirantarta a jiki, don haka ita da doron kunne da goshi da wuya ke ɗaukar dukan. A baƙar fata kuma jan nan da littattafai ke kwatantawa ba ya fitowa sosai. Abin dubawa shi ne kumburi, ƙananan ƙuraje, wuri ya ƙara duhu, ko ya riƙa naso.

Akwai abu biyu da ake haɗa su da wannan alhali daban suke. Ɗaya shi ne raɗaɗin da ake ji tun rinin yana kai, wanda amoniya da ruwan haɗin ke jawowa. Ƙuna ce kawai, tana lafawa bayan an wanke. Ɗayan kuwa, duk da ba kasafai yake faruwa ba, yana kisa: cikin mintuna zuwa awa ɗaya jiki ya feso da rudu-rudun bori, leɓe ko harshe ya kumbura, maƙogwaro ya shaƙe, numfashi ya riƙa fito, jiri ya ɗebi mutum. Wannan ba na haɗiyar ƙwayar magani ba ne, ba na jiran gari ya waye ba. Allurar adrenalin yake buƙata nan take, a sashen gaggawa mafi kusa.

Yanzu ga abin yi. Ki wanke kan da ruwa mai ɗumi kaɗan da shamfu marar ƙarfi, ki ɗauraye sosai. Tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan ido yana rage zugi. Ƙwayar cetirizine ko loratadine za ta ɗan sassauta ƙaiƙayi ki samu barci, amma ba ita ce maganin ba. Mai kashe wutar shi ne siteroyid: na shafawa mai ruwa-ruwa don fatar kai, mai sauƙi irin hydrocortisone don fuska, kuma da kumburi irin naki likita zai iya rubuta ƙwayar prednisolone ta 'yan kwanaki. Abin da nake roƙon ki kada ki yi shi ne ki karɓi mai ƙarfi irin clobetasol daga hannun wata ki shafa kusa da ido. Yana sirantar da fata, yana iya tayar da hawan jinin ido. Haka man zafi, lemon tsami, man goge baki da ruwan kashe ƙwayoyin cuta, duk na ga an shafa su a kan fatar da ke naso, babu wanda ya ƙara komai sai azaba. In kika ga ɓawo ruwan ɗorawa, ko mugunya, ko zazzaɓi, ƙwayoyin cuta sun shiga, ki koma a duba. Yawanci cikin mako ɗaya zuwa uku fata take komawa. Tabon duhu yakan yi watanni, zai tafi da kansa, kada ki bi shi da man bilicin.

Batun aski: PPD da ya gama haɗuwa ya zama launi a cikin gashi ya daina faɗa. Wanda ya ratsa fata tun ranar Alhamis shi ke wahalar da ke, kuma aska ba ta kai wurinsa, sai dai ta buɗe wa cuta hanya.

Canja kamfani kuma canja riga ne kawai. Wannan bori in ya zo ya zauna ke nan, kuma kowane karo yakan fi na baya muni. Kada kwalin da aka rubuta "babu amoniya", ko wanda aka zana wa ganye aka ce na halitta ne, ya yaudare ki, da yawansu PPD na ciki. Har wanda ya ce babu PPD sau da yawa ɗan'uwansa ya sa, Toluene-2,5-diamine, kuma da yawa daga masu borin na farko ba sa shiri da na biyun. Likitan fata ne zai raba gardama, bayan kin warke kin daina magani. Zai manna miki 'yan faifai masu ɗauke da sinadarai a gadon baya na awa 48, ya cire ya duba, ya sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ke dai kada ki gwada wani dayis a gida da sunan gwaji, an wuce wurin. In ya tabbata PPD ne, ki riƙa faɗa wa duk likitan da zai duba ki, har na haƙori, don wasu masu wannan bori ba sa jituwa da maganin kashe zafi benzocaine, da magungunan salfa, da rinin wasu baƙaƙen tufafi.

Furfurar fa? Lalle tsantsa, wanda ba a gauraya da komai ba, da wuya ya tayar da bori, sai dai ja yake bayarwa. In aka bi shi da garin baba yana duhu sosai. Akwai kuma launin fesawa da ke fita a wanki ɗaya. Ni tawa na sake ta tun shekaru huɗu da suka wuce, don ƙiwar zaman rini ba don ciwo ba, kuma marasa lafiya sun fi jin maganata yanzu.

Tambaya: Likita, ni magidanci ne, ina rina gemuna shekara uku ba matsala. Kwali ya ce a yi gwaji awa 48 kafin kowane rini. Ba dabarar kamfani ba ce don su kare kansu? Sannan 'yata mai shekara 14 tana son zanen baƙin lalle a hannu. *Daga Malam A.*

Amsa: Malam, suna kare kansu, gaskiya ne, amma kai ma yana kare ka. Wasiƙar da ke sama ta amsa maganar shekara uku. Ka bi yadda takardar cikin kwalin ta tsara, don kamfanoni sun bambanta. Galibi ɗan ɗigo ake sawa a bayan kunne ko lanƙwasar gwiwar hannu, a jira awa 48 cif. In ya yi ƙaiƙayi, ko kumburi, ko ƙurji, ka yar da kwalin. In bai yi ba, hatsarin ya ragu ne, bai ƙare ba. Ranar rinin ka sa safar hannu, ka zagaye gefen gemun da basilin, kada ka ƙara ko minti ɗaya a kan lokacin da aka rubuta, ka ɗauraye har ruwan ya fito fes. Kada ka yi rini a ranar da ka yi gyaran fuska da reza, fatar da ta ƙwarzane ta fi shan sinadari. Mata masu sa man sakin gashi su bar tazarar mako biyu saboda wannan dalili. Gira da gashin ido kuwa ba wurin dayis ba ne sam.

Zanen 'yarka shi ya fi tayar mini da hankali. Lalle ba ya yin baƙi ƙirin cikin rabin awa. In ya yi, PPD aka zuba, sau da yawa fiye da abin da ke cikin rinin gashi nesa ba kusa ba, kuma a kan fata yake kwanciya kai tsaye. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince a ɗora shi a fata ba, a Turai kuma kwalayen rinin gashi suna ɗauke da gargaɗin ba na 'yan ƙasa da shekara 16 ba ne. Zane guda ya isa ya koya wa jikinta borin, ko da ta wanye lafiya a wannan karon, sai ranar da ta fara rinin gashi abin ya fashe. Na ga yarinyar da furen ya fito mata da bororo, layi bisa layi, tabon ya shekara. A yi mata da jan lalle.

Tambaya: Ina aikin gyaran gashi, yatsuna sun tsattsage suna ƙaiƙayi, in na yi hutu su warke. *Daga wata ƙanwarki.*

Amsa: Ƙanwata, warkewar hutun nan ta nuna daga wurin aiki abin yake. Zai iya zama yawan ruwa da shamfu, zai iya zama PPD ko hodar bilicin gashi, gwajin bayan da na ambata ne zai bambance. Ki nema da wuri, tun sana'ar ba ta gagare ki ba. Kafin nan ki koma safar hannu ta robar naitiril, ta fi ta leda hana rini ratsawa. Ki sa ta tun daga haɗawa har ɗaurayewa, don wurin wanke kai ne aka fi sakaci. Kada ki juya wadda kika yi aiki da ita ki sake sawa, rinin kike mayarwa ciki. In za ki yi wa mace yankan gashi da rini, fara da yankan. Ki cire zobe lokacin aiki, ki shafa mai mai kauri marar turare duk bayan wanke hannu, da daddare kuma ki ƙara.