Amsa ga maman yaron da bulala ta daina yi wa aiki

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah shi shirya mana zuri'a. Na ga tambayarki tun jiya da dare, kin ce yaronki ɗan shekara takwas ya ishe ki, dukan ƙannensa, jifa da kwano, gudu daga islamiyya, kin yi duka har kin gaji, babansa ma ya sa dorina amma kamar ƙara zuga shi ake, har wasu sun fara cewa a kai shi ruƙiyya. Ni malamar firamare ce nan cikin Sakkwato kuma na daɗe ina fama da yara irin wanga, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta miki a tsanake.

Abin da nake so ki fara riƙewa, yaro ba ya nacewa kan hali sai in halin yana biya mashi wata buƙata. Ke kina ganin rashin ji ne kawai, shi kuwa akwai abin da yake samu. Galibi ko dai yana so a kula shi, ko yana gudun wani abu da ya yi mashi nauyi, ko yana son a ba shi wani abu kamar waya ko abinci, wani kuma jikinsa ne ke samun sauƙi da abin, irin yaran da za ki ga suna ta kaɗa jiki ko cizon hannu. To in ba a gano wanne ne ba, hukuncin ma sai ya zama shi ne ladan. Yaron da ba a waiwayarsa sai ya yi ɓarna, ranar da ya fasa kwano inna ta bar tukunya ta taso, baba ya ajiye waya, kowa ya dawo kansa, ai ya samu abin da yake nema ko da kuwa da zafi ya zo.

Akwai wani yaro da na koyar a aji uku, kullum sai ya tsokani na kusa da shi, ya fizge fensir ko ya shuri benci, a kore shi waje. Duk makaranta an san shi da taurin kai. Sai na fara rubutawa a bayan rajista, ƙarfe nawa abin ya faru, mi ake yi kafin nan, mi munka yi mashi bayan nan. Ba a daɗe ba abin ya fito fili, lokacin lissafi lafiya lau yake, har ɗaga hannu yake yi, amma da an ce a buɗe littafi kowa zai tashi ya karanta layi ɗaya sai ki ga ya fara murza gefen riga, yana kallon ƙofa, kafin layi ya zo kansa ya riga ya ta da rigima. Ashe bai iya karatun ba, kuma ya gwammace a ce mashi mara ji da a yi mashi dariya a ce daƙiƙi. Korar da ake mashi ita ce abin da yake so. Muka yi yarjejeniya ni da shi, in ya ji ba zai iya ba ya ɗora hularsa kan benci, ni kuma in tsallake shi ba tare da kowa ya gane ba, lokacin tara in zauna da shi minti kaɗan mu bi haruffa. Na riƙa ba shi layin da zai karanta gobe tun yau ya je ya maimaita. Faɗan bai ɓace rana ɗaya ba amma ya ragu sosai, don ya samu hanyar tsira wadda ta fi faɗa sauƙi.

Kuma wannan ba dabarata ba ce. Masana a Amurka sun daɗe a kai, tun 1985 wasu malamai biyu, Edward Carr da Mark Durand, sunka nuna cewa yara masu lalurar jinkirin haɓakar ƙwaƙwalwa da ke duka da ihu lokacin darasi, da anka koya masu su faɗa da baki cewa ba su gane ba, ko su nemi malami ya duba aikinsu, halin ya sauka. A 1997 har dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman a can ta shigar da wannan hanya, wato a binciki dalilin hali a tallafa wa yaro da kyautatawa. Mu kuwa muna da abin da ya riga wannan, Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi SAW hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce mashi tir ba.

Don haka ki samu ɗan littafi, sati ɗaya ko biyu ki rubuta kawai ƙarfe nawa abin ya faru, mi ake yi kafin nan, mi kunka yi mashi bayan nan, kar ki canza komai tukuna. Ki lura da lokaci sosai. Yara da yawa rigimarsu tsakanin dawowa daga boko da tafiya islamiyya take, ga yunwa ga gajiya, ga zafinmu na Sakkwato a watan Maris da Afrilu da babba ma kansa ke ɗaukar zafi, sai kuma a ce maza sa kaya ka wuce. Wani lokaci abinci da ruwan sanyi da ɗan kwanciya kafin a ce mashi tashi sun isa su rage rabin matsalar. Ki riƙa sanar da shi kafin a canza abu, ki ce in an kira la'asar za ka ajiye waya, maimakon a fizge ta a hannunsa ba zato. Ki ba shi zaɓi ƙarami, wanka za ka fara ko cin abinci, yaro mai ƙarfin hali yana son ya ji shi ma yana da ta cewa.

Sai koyarwa, wadda nan ne iyaye suka fi bari. Muna yawan cewa bari, daina, kar in ƙara gani, amma ba mu faɗa mashi mi zai yi a madadin. In ƙaninsa ya ɗauki kayansa mi zai yi? Ki koya mashi lokacin da yake cikin nishaɗi, ba tsakiyar fushi ba, ku gwada kamar wasa, ya ce ba ni kayana, in an ƙi ya zo ya faɗa miki. Amma fa in ya zo ya faɗa dole ki tashi ki share mashi hawaye nan take, don in magana ba ta aiki duka na aiki, duka zai koma. Kuma ki kama shi yana abin kirki ki yaba, ba kawai ki ce yaron kirki ba, ki faɗi abin, na ga yadda ka ba ƙanwarka ruwa Allah shi yi maka albarka. Wallahi yaran da anka saba zagi in sunka ji albarka sai ki ga fuskarsu ta canza.

Ba ina cewa a bar shi ya yi abin da ya ga dama ba. In ya doki ƙani ki raba su, murya ƙasa, magana kaɗan, ki fara kula wanda anka doka, in ya huce ya gyara abin da ya ɓata, ya share tuwon da ya zubar da hannunsa. Kuma ki shirya, in kika daina ba shi waya saboda ihu, kwanakin farko ihun ƙaruwa zai yi kafin ya sauka, yana gwadawa ne ko tsohuwar hanya na nan. In kika saki a nan kin koya mashi cewa ihu mai ƙarfi shi ke aiki. Shi ya sa sai kun haɗa baki da babansa da kakarsa da duk wanda ke gidan, kaka musamman, a lallaɓa a yi mata bayani.

Batun ruƙiyya, addu'a ba ta da laifi ko kaɗan, ki tofa mashi safe da yamma, amma kar ki yarda a kai shi inda ake dukan yaro ko ɗaure shi da sunan cire aljani. Kuma addu'a ba ta hana asibiti. In yana ji wa kansa ciwo, ko yana ɗauke wuta na 'yan daƙiƙu yana kallon wuri ɗaya, ko maganarsa ta yi baya da ta sa'o'insa, ko ba ya barci, ko kina zargin ba ya ji sosai ko ba ya ganin allo, ki kai shi sashen yara a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) nan Sakkwato, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kuma zuwa can ba ya nufin hauka.

Gudun islamiyyar nan ne ya fi tsaya min a rai. Ki je da kanki ki ga malaminsa cikin mutunci, ki tambaya wace rana ya fi gudu, ranar hadda ce ko kuwa, wa ke zama kusa da shi, akwai manyan yara da ke cin zalinsa a hanya? Shi ma ki tambaye shi da dare in kun kaɗaita, ba da tsawa ba. In kin yi rubutun na sati ɗaya ki dawo ki faɗa mana abin da kika gani mu duba tare in sha Allah.