Shin fetur mai lambar okten babba yana ƙara wa mota ƙarfi?

Tambaya: Littafin motata ya ce a sa mata fetur mai okten 91, amma wani abokina ya dage cewa idan na koma 98 za ta fi gudu. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, a motarka da wuya ka ga bambanci, sai dai a aljihunka. Lambar okten ba ta nuna yawan ƙarfin da ke cikin fetur. Abin da take nunawa shi ne yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya kama da wuta da kansa ba.

A cikin silinda, fistin yana matse iska da fetur, filogi ya ba da tartsatsi, wutar ta bazu ta tura fistin ƙasa. Idan fetur ba shi da juriya, ragowar da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe tun lokaci bai yi ba. A nan ne za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman idan kana hawan tudu da kaya. In abin ya daɗe, yana iya cinye fistin.

Injin da ke da turbo (na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska), ko wanda aka ƙera da matsi mai yawa, shi ne ya fi buƙatar babbar lamba. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙwanƙwasa. Da ta ji, kwamfutar mota sai ta jinkirta tartsatsi don ta kare injin, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ɗan ƙaru. Ka ba irin wannan injin fetur ɗin da ya dace, ƙarfinsa zai dawo. Naka kuwa, tunda 91 ta ishe shi, babu abin da zai yi da rarar.

Dubi etanol, wani nau'in man da ake gauraya wa fetur: okten ɗinsa ya haura 100, amma ƙarfin da ke cikin lita ɗaya ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ka kuma lura da ma'aunin da littafin ya bi. Yawancin ƙasashe suna amfani da ma'aunin okten da ake kira RON, Amurka kuma tana da nata, inda 87 ta yi kusan daidai da 91 a RON.

Abin da nake tsoro shi ne mutum ya sa ƙasa da lambar da aka ce masa. Idan kuwa kana sa 91 amma kana jin ƙarar nan, kai motar wurin makanike ya duba filogi da daskararren baƙin hayaƙi a cikin silinda.