Tambaya da Amsa: Ajiye kwafin rumbun bayanai a masaukin intanet na tarayya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne ke kula da shafin intanet na wata makaranta mai zaman kanta a unguwar Ali Ɗan Sofo, nan Maradi, kuma sunayen ɗalibai da sakamakon jarrabawarsu duk suna cikinsa. Masaukin da muka kama na tarayya ne mai sauƙin kuɗi, kamfanin kuma ya ce yana ajiye kwafi da kansa. Shin wannan ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bai wadatar ba. Masaukin tarayya kamar gidan haya yake: kwamfuta ɗaya ce babba take ɗauke da shafuka masu yawa, kowa da ɗakinsa, amma rufi ɗaya ne a kan kowa. Idan kwafin da kamfani ya ajiye maka yana ƙarƙashin wannan rufin, abin da ya ci shafinka zai iya cin kwafin tare da shi. Haka ta faru a watan Maris na 2021, lokacin da gobara ta ƙone wata cibiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, inda wasu abokan ciniki suka rasa shafukansu da kwafinsu a dare guda saboda duka suna wuri ɗaya. Ka kuma duba yarjejeniyarku da kyau, domin yawancin kamfanoni suna rubuta cewa alhakin bayanai yana wuyan mai shafi.

Shafinka kashi biyu ne. Akwai fayiloli, wato hotuna da manhajar da ke tafiyar da shafin, akwai kuma rumbun bayanai na MySQL ko MariaDB, inda sunaye da maki suke zaune a cikin jadawalai. Mutane da yawa suna kwashe fayiloli su ɗauka sun gama, alhali rumbun bai biyo su ba, domin shi ba a cikin jakar fayilolin shafi yake ba.

Hanya mafi sauƙi ta ɗaukar kwafin rumbun ita ce ta phpMyAdmin, manhajar kula da rumbun bayanai, wanda za ka samu a cikin cPanel, wato shafin da kake sarrafa masaukinka daga cikinsa. Ka zaɓi rumbunka a gefen hagu, ka shiga sashen fitarwa, ka zaɓi tsarin SQL, ka nemi a matse fayil ɗin da gzip. Matsewar tana da amfani ƙwarai ga mai sayen data da kuɗinsa, domin fayil ɗin rubutu ne zalla kuma yana raguwa sosai. Sai dai wannan hanya tana da rauni guda: a tsarinsa na asali phpMyAdmin yana dakatar da aiki bayan daƙiƙa 300, wasu kamfanoni ma suna rage wannan lokaci, kuma idan layi ya yanke ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukewa, kana iya samun rabin fayil da sunansa cikakke, ba tare da ka lura ba.

Saboda haka, idan rumbun ya girma, na fi son a yi amfani da mysqldump, umarnin da ke fitar da kwafin rumbu zuwa fayil, ta hanyar cron, wato tsarin da ke sa kwamfutar masauki ta gudanar da umarni da kanta a lokacin da ka yanka mata, misali ƙarfe 2 na dare. Aikin yana gudana a can, bai dogara da layinka ba. Idan jadawalanka irin InnoDB ne, wato ɗaya daga cikin tsare-tsaren da MySQL ke ajiye jadawalai da su, ka haɗa da zaɓin --single-transaction, domin a ɗauki bayanan yadda suke a lokaci guda ko da wani malami yana shigar da maki. Fayil ɗin da ya kammala yana ƙarewa da layin da ke cewa Dump completed tare da kwanan wata, kuma idan ba ka ga wannan layin ba, kada ka amince da shi. Ina kuma roƙonka kada ka ajiye shi a cikin jakar public_html, domin duk abin da ke can wanda ya gano adireshinsa zai iya saukewa, kuma waɗannan bayanan ƴaƴan mutane ne da aka ba ku amana.

Akwai wani abu da ya shafe mu Hausawa musamman. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su cikin tsohon tsarin haruffa na latin1. Na taɓa buɗe kwafin wata makaranta da aka fitar da wannan tsarin, sai na tarar Ɗahiru ya koma ?ahiru, Ƙasimu ya koma ?asimu, tun daga aji na farko har na ƙarshe, kuma alamar tambaya ba ta komawa harafin da ta maye gurbinsa. Sai da aka zauna da rijistar takarda ana gyarawa suna bayan suna. Ka tabbata tsarin haruffan da ka zaɓa wajen fitarwa utf8mb4 ne, ko utf-8 idan shi phpMyAdmin ya nuna maka.

Bayan ka sauke, sai ka gwada shi. Ka buɗe sabon rumbu wanda babu komai a ciki, ka shigar da kwafin, ka kwatanta adadin jadawalai da layukansu da na asali, sannan ka nemi sunan ɗalibi mai harafi mai ƙugiya ka gani da idonka. Idan fayil ɗin ya wuce girman da phpMyAdmin ke karɓa, wanda yake rubuce a shafin shigarwa, ka nemi ma'aikatan kamfanin su shigar maka.

Game da yawan yi, ka auna da aikin da za ka iya jure sake yi. A makon shigar da sakamakon jarrabawa ka sauke kullum, sauran lokaci sau ɗaya a mako ya isa. Ka sa kwanan wata a sunan kowane fayil, kada sabo ya danne tsoho, domin wani lokaci sai bayan makonni ake gane ɓarna ta shiga. Ka ajiye ɗaya a kwamfutar ofis, ɗaya a filashi da ba ya kwana a makarantar, ɗaya kuma a Google Drive bayan ka kulle shi da kalmar sirri, ka ba shugaban makarantar kalmar a rubuce ya adana.