Tambaya da Amsa: Yi wa Kek ɗin Biki Kwalliya a Gida

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata sun zo ne daga mata masu gasa kek da hannunsu domin suna, walima ko zagayowar ranar haihuwar 'ya'yansu, kuma kusan kowacce kukanta ɗaya ne: gashi ya yi kyau, kwalliya ce ta ba da matsala. Na zaɓi guda biyar daga ciki.

Tambaya: Anti, barka da aiki. A watan Afrilu na yi wa 'yata kek na cikarta shekara 5, na shafe shi da ayisin ɗin bota mai ruwan hoda, na jera masa furanni. Kafin baƙi su gama taruwa furannin sun zube, gefen kek ɗin ya yi ta tsiyaya. A ina na yi kuskure? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, hannunki bai yi laifi ba, bazara ce ta yi aikinta. Bota tana fara narkewa ne idan zafi ya kai digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, alhali a watan Afrilu zafin rana a garuruwanmu yakan kai 40, wani lokaci ma ya haura. Yawancin hotunan da muke gani a waya muna sha'awa an ɗauke su ne a ƙasashe masu sanyi ko a ɗakunan da na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa, don haka wadda ta bi ma'auninsu sau da ƙafa a tsakar gidanmu dole ta ga abin da kika gani.

Ma'aunin da aka saba shi ne giram 250 na bota a kan giram 500 na garin sukarin ayisin. A lokacin zafi sai ki raba man gida biyu, rabi bota, rabi farin daskararren man nan na masu gashi da ake kira shotnin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 45. Ki ƙara cokali biyu na sitacin masara, ki rage madarar da kike zubawa, kuma kada ki daɗe kina bugawa har kwanon ya ɗauki ɗumi. Gaskiya ɗanɗanon ba zai kai na zallar bota ba, shi ya sa ni nakan bar mai bota sosai a tsakanin faifan kek ɗin, inda baki zai ji daɗinsa, na sa mai shotnin a waje, inda ake bukatar tsayuwa.

Akwai kuma matakin da mata da yawa suke tsallakewa saboda sauri. Bayan kek ya huce sarai, har tsakiyarsa, ana fara yi masa siririyar shafa wadda za ta kame ɓurɓushi, a sa shi a firji na minti 20 zuwa 30, sannan a yi shafa ta biyu mai kauri. Idan babu wuta, ki yi aikin bayan sallar asuba, lokacin da gari bai ɗauki zafi ba, ki ajiye kek ɗin a ɗakin da ya fi kowanne sanyi, kada a fito da shi sai an zo yankawa.

Tambaya: Hajiya, ɗana zai yi saukar Alƙur'ani bayan Sallah, kuma ina so in yi masa kek ɗin walima da kaina. Duk samfurin da nake gani na motoci ne da 'yan tsana. Wace irin kwalliya ce za ta dace da wannan rana? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Allah ya sanya albarka a karatun, ya sa Alƙur'ani ya cece mu baki ɗaya. Wannan tambaya ta faranta mini rai ƙwarai, domin amsarta tana rataye a bangon gidajenmu tun kaka da kakanni. Ki yi masa allo mai zayyana. Allon da ake ƙawatawa da zanen ja, rawaya, kore da baƙi domin ranar sauka ya riga ya zo da siffarsa da launukansa, kuma duk wanda ya shigo wurin walimar zai gane abin da ake murna da shi ba tare da an yi masa bayani ba.

Ki gasa kek ɗin a gwangwani mai kusurwa huɗu, kamar mai tsawon santimita 33 da faɗin 23, kuma ki zaɓi kwaɓi mai nauyi, irin na bota, domin kek mai laushi kamar soso ba ya jure wuƙa. Ki gasa shi kwana ɗaya kafin ranar aiki, ki naɗe shi a leda ya kwana, saboda kek ɗin da ya kwana ya fi yankuwa da kyau. Daga nan sai ki ɗauko allon yaron na gaske, ki kwaikwayi siffarsa a kan takarda mai kauri, ki ɗora takardar a kan kek ɗin ki bi gefenta da wuƙa mai kaifi. Guntun da kika cire daga ƙasa, inda allo yake da lanƙwasa, da shi za ki haɗa marikin da ke sama, ki manna shi da ayisin.

Domin samun launin itace, ki zuba ɗan garin cakulan a cikin farin fondan, wato kwaɓin sukarin nan mai miƙuwa da ake lulluɓe kek da shi, amma kada ki murza har ya haɗe gaba ɗaya. Ki tsaya tun yana da jirwaye, ki miƙe shi da muciyar murji zuwa kaurin milimita 3 ko 4, za ki ga layuka sun fito kamar jijiyar katako. Ki lulluɓe kek ɗin da shi, ki shafe da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe.

Zanen kansa da ayisin ɗin farin ƙwai ake yin sa, wanda Turawa suke kira na sarauta, ana kuma danganta sunan da kek ɗin auren Sarauniya Biktoriya ta Ingila a shekarar 1840. Farin ƙwai ɗaya yana ɗaukar kimanin giram 225 na garin sukari da ɗigo kaɗan na ruwan lemun tsami, idan ya bushe kuma yana yin tauri, zafi ba ya zubar da shi. Tun da ɗanyen ƙwai ne a ciki, kuma yara da masu juna biyu za su ci, ya fi kyau ki nemi garin farin ƙwai da masu kayan kek suke sayarwa. A nan ne nake so mata su lura da wata baiwa da suke da ita ba su sani ba. Duk wadda ta iya naɗa leda ta yi ƙunshin zane a hannun amarya ta riga ta iya rabin aikin kwalliyar kek, domin riƙon ɗaya ne, matsin yatsa ɗaya ne, har ɗauke numfashin da ake yi kafin a ja dogon layi ɗaya ne. Na taɓa miƙa wa wata yarinya mai zanen lalle a unguwarmu ledar ayisin, ba ta taɓa kusantar aikin kek ba, amma cikin rabin awa ta zagaye gefen faranti da sarƙar ganye wadda ta fi tawa daidaito. Ki fara shata zanen da tsinken sakace a kan fondan ɗin, sannan ki bi sawun da ayisin, kina farawa da baƙin layin da ya raba gidaje kafin ki cike su da launi.

Shawarata mai ƙarfi ita ce kada ki rubuta aya ko sunan Allah a jikin kek ɗin, ko da yake a allon gaske ana rubuta Fatiha da farkon Baƙara. Kek abin yankawa ne, ɓurɓushinsa yana zuba a ƙasa a tattaka, kwalinsa kuma yana ƙarewa a bola. Ki cike tsakiyar da "Barka da sauka", da boko ko da ajami, idan kuma sunan yaron yana ɗauke da sunan Allah, kamar Abdullahi, ki rubuta shi a kati ki jingina a gefe. Za ki iya ƙara ɗan kurtun tawada, alƙalami da carbi mai ƙwaya 33, duka na fondan. Ki murza rabin ƙaramin cokali na garin CMC, wato hodar da ke sa fondan ya yi tauri, a cikin giram 250 na fondan domin su yi ƙarfi, ki yi su kwana uku kafin walima su samu bushewa.

Tambaya: Anti, fondan ɗina yana yin gumi da danƙo a damina, da hunturu kuma ya tsattsage kamar faso. Shin haɗin ne ba daidai ba? Daga wata ɗaliba a Kaduna.

Amsa: Ƙanwata, haɗi ɗaya ba ya yi wa shekara duka. Sukari yana jan danshi daga iska, shi ya sa a watan Agusta fondan yake jiƙewa ko ba a taɓa shi ba, musamman idan an fito da shi daga firji, raɓa ta sauka a kansa. Gilisarin da ake sawa a haɗin shi ma yana jan danshi, don haka a damina ki rage shi ko ki bar shi gaba ɗaya, ki riƙa barbaɗa sitacin masara a kan teburin murji, ki kuma ajiye kek ɗin a kwali maimakon roba mai murfi. Idan ya riga ya yi gumi kada ki goge, ki sa shi gaban fanka ya bushe da kansa.

Da hunturu kuma akasin haka za ki yi. Ki mayar da gilisarin, ki shafa ɗan shotnin a hannu da tebur a madadin sitaci, ki rufe duk guntun da ba kya aiki da shi a leda, kuma da zarar kin miƙe shi ki ɗora a kan kek ba tare da jinkiri ba. Wani abin lura shi ne jelatin da ake haɗa fondan da shi, domin ana samun sa daga fata da ƙashin dabbobi, har da alade. Ki karanta jikin kwalin, ki sayi wanda aka bayyana cewa na saniya ne kuma halal.

Tambaya: Hajiya, ina son jan launi mai ƙarfi da ruwan zinare a kek ɗin kamun ƙanwata. Da na ƙara kala sai ayisin ya yi ɗaci. Kuma hodar zinaren da ake sayarwa, ana cin ta kuwa? Daga wata mai karatu a Sakkwato.

Amsa: Allah ya sa a yi biki lafiya. Ɗacin yana zuwa ne daga yawan kala, musamman mai ruwa-ruwa, wadda sai an juye rabin kwalba kafin ta kama. Ki nemi mai kauri kamar man shafawa, ki haɗa ayisin ɗin tun daren jajibiri, ki tsaya a lokacin da launin bai kai yadda kike so ba, ki rufe shi ya kwana. Da safe za ki tarar ya ƙara duhu da kansa. Baƙi kuma ana fara shi ne daga ayisin ɗin cakulan, ba daga fari ba.

Batun hodar zinare kuwa ina so ki ɗauke shi da muhimmanci, domin ba duk abin da ke ƙyalli a shagon kayan kek ne abinci ba. A watan Oktoba na 2018, a jihar Rod Ailan ta Amurka, yara 6 sun kamu da amai da gudawa bayan sun ci kek ɗin ranar haihuwa da aka shafe da wata hoda mai ruwan zinare, bincike kuma ya nuna garin jan ƙarfe ne a cikinta. A 2019 an samu wani yaro ɗan shekara 1 a jihar Mizuri da gubar dalma a jininsa, aka kuma gano dalmar a hodar da aka yi wa furannin kek ɗinsa ado da ita. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma bukatar a tsawaita mana bayani. Idan kwalbar ba ta ɗauke da jerin abubuwan da aka haɗa ta da su, ko ba a rubuta ƙarara cewa ana ci ba, ko an juye ta a wata 'yar roba marar suna, ki bar ta a shagon. Rubutun da ke cewa "ba ta da guba" kawai bai isa ba, domin irin wannan ta ado ce da ake cirewa kafin a ci. Ki duba lambar NAFDAC, idan kuma ba ki samu mai inganci ba, ki zagaye gindin kek ɗin da kirtanin ado mai ruwan zinare, a zare shi kafin a yanka.

Tambaya: Anti, kek mai hawa biyu zan kai gidan suna a Adaidaita Sahu. Yaya zan yi kada ya rushe a hanya? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki haɗa hawa biyun a gida. Kowane hawa ya zauna a kan nasa faifan kwali mai ƙarfi, ki kuma soke tsinkayen tsire sababbi masu kauri guda 4 ko 5 a cikin na ƙasa, ki datse su daidai da tsayinsa, domin su ne za su ɗauki nauyin na sama. Ki sa kowanne a kwalinsa, ki shimfiɗa ɗanyen tawul a ƙarƙashi don kada ya zame, ki ɗauki shatar keken ke da mai taya ki riƙo, ki roƙi direba ya bi a hankali a wuraren ramuka. Ki fita da hantsi kafin rana ta take, ki tafi da ledar ayisin ɗinki da 'yar wuƙar shafi a jaka, idan kin isa sai ki ɗora na sama, ki cire tsinkayen da hannunki lokacin yanka kafin a fara miƙa wa yara.